Alkakin Gwaggo Laraba

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. 'Yarki ce Hajara, daga Makoɗa.

Inna, ƙurajen nan da kika sani, na gwiwar hannu da ta ƙafa, waɗanda nake sosawa har jini, an gano sanadinsu. Likita a Kano ya ɗebi jini, ya yanki 'yar fata, ya ce cikina ne ba ya shiri da alkama. Halinki na gada, sai na ce mutumin nan zarya yake so in riƙa yi masa. Duk da haka na bar burodi da taliya da gurasa, na riƙe tuwon dawa da fura. Har tsayawa nake a kan mai inji, don ban yarda yana share ragowar alkama kafin ya zuba gerona ba. Bayan watanni fatar ta lafa.

To ina muka bar zancen Gwaggo Laraba, ƙanwar Baba? Kin ce ita ta sa mini abu a alkakin da ta ba ni ranar sunan ɗanta. Shekara tara ba mu taka gidanta a Kunci ba. "Kada ki kuskura ki ci abin hannunta," kike cewa, kina miƙo mini shayi da burodi.

Akwai abin da ke cin raina. Na tuna kina goga gwiwar hannunki a jikin turmi, in na kalla ki ja zane ki ce zafi ne. Likitan ya ce ciwon yakan bi jini. Zuciyarki ta taɓa raya miki haka, Inna? Ko ta raya, amma bakinki ya riga ya kama sunan Gwaggo? Na san tsoro ne, kuma saboda ni.

Ranar Juma'a na je neman gafararta. Ta tsufa ƙwarai. Sai ta shiga ɗaki ta fito da alkaki a faranti, ta ajiye gabana, ta zuba mini ido. Bayanin likita yana bakina, amma na san in na janye hannu, abu ɗaya za ta fahimta.

Na ci biyu. Ta fashe da kuka.

Yanzu haka hannun dama na rubutu, hagu na susa. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sauke mana hakkin Gwaggo.

Taki mai kewarki,
Hajara