Akushin Baba

Haɗeja, 6 ga Janairu

Zuwa ga Innata 'Yar'azumi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya jikin Baba, ya mutanen Guri, ya sanyin bakin kogi?

Jiya Yaya Ɗahiru ya kawo min busasshen kifin da kika aiko, Allah ya saka da alheri. Amma ya ce kwana uku ke nan kina kuka a madafi, wai Baba yana dawo da akushinsa da rabin tuwo. Har kin ɓoye allurar da likita ya ɗora shi a kai saboda ciwon suga, kin ce ita ke cinye shi. Inna, hankalina ya tashi.

Na san shekara arba'in da wannan akushin kike auna lafiyarsa. To, bari in faɗa miki abin da nake koya wa ɗalibaina. Hanjin mutum yana da ɗan aike. Da zarar abinci ya sauka, sai hanji ya saki wani sinadari cikin jini, ya je ya shaida wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, ya kuma taimaki jiki wajen rage suga. A jikin masu wannan ciwo da yawa, saƙon yakan yi rauni. Kin tuna bara, Baba yana share malmala huɗu ya nemi fura, amma ko jan komar kamun kifi ya gagare shi? Wannan cin ba na lafiya ba ne. Allurar aikin ɗan aiken nan take yi. Ba girkinki ya ƙi ba, ƙoshi yake yi da wuri.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma ranar da na fara ganin ya ture tuwo sai da gabana ya faɗi. Don Allah ki fito da allurar kafin Juma'a, ranar da ake yi masa. In kuwa amai ko ciwon ciki ya matsa masa, Yaya ya kawo shi asibiti.

Na ba Yaya wani ƙunshi, ki kwance da kanki.

'Yarki,
Adila

Haɗeja, 2 ga Maris

Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba. Ya gida?

Na ji da kika kwance ƙunshin kika ga ƙaramin akushi, kin ce Adila ta mai da ubanta yaron goye. Na karɓi faɗan. Amma Yaya ya ce ranar Juma'ar da hannunki kika miƙo allurar, kuma tun daga nan Baba bai bar ko loma ba a sabon akushin. Wai har ɗaga akushin kike kina nuna wa maƙwabta!

Awon jininsa na wannan watan ya yi kyau, alhamdu lillahi. Da na ji ya shiga kwale-kwale da kansa ya kamo tarwaɗa, a gaban ɗalibaina hawaye ya zubo min.

Babban akushin kuwa kada ki bayar. Hutu ya kusa, ki cika min shi da tuwon shinkafa da miyar kuka, ki ga yadda zai dawo miki a suɗe tas.

Taki har kullum,
Adila