Jar Tawadar da Na Zubar

Zuwa ga Yayana Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan ka iske rahama a inda ka je. Yau kwana arba'in da rasuwarka. An yi addu'a a zaure, baƙi sun watse, ni kuwa na kasa komawa gidana ban rubuta maka wannan ba.

Ka tuna zauren Baba lokacin da yake rubuta Alƙur'ani da hannu? Kai ke jiƙa ƙaro ka haɗa masa tawada, ka fere alƙalumma, ni kuwa aikina sa ido da surutu. Kana shekara goma sha uku ya fara ba ka sa wasali da jar tawada, domin ya ce hannunka ya fi nasa natsuwa. Ranar har rawa na taka a tsakar gida, sai ka ce ni aka yaba.

Kai ka koya mini hawa ganuwa ta wajen Ƙofar Kuyambana. In na maƙale a sama ina kuka, sai ka ƙoshi da dariya tukuna ka hau ka goyo ni. Ƙanzon tuwo kuwa ba ka taɓa cinye shi kai kaɗai ba, ko da yake sai ka kira ni Uwar Kwaɗayi kafin ka miƙo.

Sai ranar Larabar nan. Baba ya tafi masallaci ya bar maka takardu a shimfiɗe suna shan iska, kai kuma ka fita ɗebo ruwa. Na lallaɓa na shiga don in gwada sa wasali ɗaya tak yadda kake yi, gwiwata ta ture kurtun tawadar. Aikin wata guda ya lalace. Na gudu bayan ɗaki na goge hannuna da toka.

Da Baba ya dawo, ka ce kai ne. Ina laɓe ina jin ku. Bai dake ka ba. Alƙalamin kawai ya karɓa daga hannunka, bai kuma sake ba ka shi ba.

Ka koma koyon ɗinki a kasuwa, ka yi shekara talatin a kan keke. Ni na yi karatu har jami'a, a harabar Kongo, kuma kai ka ɗinka mini kayan da na sa ranar da na gama. Sau nawa na zo shagonka da maganar a bakina, sai ka ce, "Uwar Kwaɗayi, me za ki ci?" In ci, in yi dariya, in tafi da abata. Da farko tsoro ne, daga baya kunya, daga baya na ce wa kaina ai ya wuce.

Ranar da za a fita da kai, Inna ta ce mu zo mu yafe maka. Na durƙusa tare da kowa na ce na yafe. Yaya, ban taɓa tsanar kaina kamar a wannan lokacin ba.

Jiya na gaya wa Baba. Ya sa na ɗauko masa tsohuwar gafakarsa. Ya zaro wata takarda daga cikin waɗanda tawadar ta ɓata, ya nuna mini shatin 'yan yatsu uku ja a gefenta, ya ce tun ranar ya sani. Ba don ɓarnar ya karɓe alƙalamin ba, in ji shi, sai don mai rubuta maganar Allah ba ya ƙarya, ko da ta tausayi ce. Jira yake ka zo ka faɗi gaskiya ya mayar maka. Kai ba za ka tona ni ba, shi kuma ba zai tambaya ba. Kalma ɗaya daga bakina da ta wadatar, na riƙe ta har aka rufe ka. Baba ya yi kuka, abin da bai yi ba ko a ranar jana'izarka.

Ban san ko ka yafe mini ba, domin ban taɓa ba ka damar faɗa ba.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya miƙa maka littafinka a hannunka na dama. Ni kuma Ya haɗa ni da kai, in roƙe ka da bakina.

Ƙanwarka mai laifi,
Hadiza