Aswakin da Na Yanko wa Ummi

Laraba, bayan isha'i. Roni.

Tarin ya lafa yau, amma ƙafafun nan sai da sanda.

Da hantsi 'yata Hadiza ta kira daga Kazaure. Belun jikata Ummi ya sake kumbura, ko kunu da ƙyar take haɗiya. Uwar mijin Hadiza ta kira wanzami, gobe da safe zai cire.

Na ce, "Me suka ce a asibiti?"

"Sun ba da magani, Baba. Wai a riƙa wanke mata baki, dattin haƙori na ƙara abin."

"Kina wanke mata?"

"Haba Baba, yarinyar da ke barci da alawa a kumatu?"

A zamaninmu, kowace safiya sai malami ya duba haƙoranmu kafin mu shiga aji. Ba mu san dalili ba, bulala muke tsoro.

Na ce wa Hadiza ta kawo mini Ummi yau, wanzami ba zai biyo ta gidana ba. Ta ce to. Na yanko ɗan aswaki a dalbejiyar tsakar gida, na daddaka bakinsa ya yi laushi.

Motar ƙarshe ta wuce bayan magariba. Hadiza ba ta zo ba. Aswakin na nan cikin kofi.