Gwaggo da Mayafin Mama

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da ɗiyata. Ya jego, ya ƙarfin jiki? Ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta.

Kin ce in riƙa rubutowa, tunda a waya kuka ke cinye mana maganar. Ga shi na fara.

Na koma aiki. Har yanzu a gwaji nake a ɗakin awon jini, kuma shugabanmu ya ce hannuna yana da kyau, sai dai ina maimaita karanta sunan da ke jikin kwalba har mai jira ya gaji. Kin san hali.

Amanarki tana nan. Mayafin nan ruwan ƙasa da Mama ta yafa ranar da muka kai ta asibiti, ban wanke shi ba, kamar yadda kika roƙa. Na sa shi a leda mai zif, na matse iskar, na ajiye a ƙasan akwati. Ƙamshi abu ne mai tashi, duk buɗewa raguwa yake yi, shi ya sa ko ni ban buɗe ba. Tunda haihuwa ta hana ki ganin ta, ke ya dace ki fara shaƙa.

Sai labarin da ya fi damu na. Baba ya kawo mini Gwaggo. Kada gabanki ya faɗi, ba ƙanwarsa nake nufi ba, magen Mama ce, wadda ta ci sunan saboda iya harara. A kwali ya kawo ta. Ya ce kullum tana bakin ƙofar ɗakin Mama tana kuka, shi kuma zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Zai koma gidan babban yaya da zama, matar gidan kuwa kin san tana da asma.

Na karɓa da hannu biyu, na manta cewa ɗakina da mai shi. Toka, 'yar magen da na tsinta a makaranta, ba ta taɓa raba ko kwano da kowa ba. Na buɗe kwalin a tsakiyar falo, a zatona za su shinshini juna su saba. Kafin in miƙe tsaye gashi ya tashi sama kamar an ɓarke matashin kai.

Ki sa mu a addu'a. Ki sumbaci ɗiyata a goshi.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan jikin yana ta ƙara sauƙi. Na ji ɗiyata ta fara murmushi, har kin ce bakin Mama ne da ita. Na yi ta kallon hoton a wurin aiki har aka yi mini magana.

Kin tambayi su Gwaggo cikin raha, kin ce ai maguna ne, za su gaji su bari. Ni ma da haka na ɗauka. Ba su bari ba, Yaya, faɗan ne kawai ya sake kama. Toka ta daina kai hari a fili. Yanzu sai ta kwanta a bakin ƙofar kicin, ta miƙe ƙafafu kamar mai hutawa, alhali hanyar ruwa da abinci ta tare. Idan Gwaggo ta nufi robar yashin da suke bayan gida a ciki, sai ta bi ta da ido har ta fasa. Har ta kai ga Gwaggo ba ta fitowa daga ƙarƙashin gado. Magen da ke hawa kujerar Baba ta ƙi sauka, yau ita ce take fitsari a inda take kwance.

Da na ga tana ɗingishi na kai ta wurin likitar dabbobi. Cizo ne a cinya, ya rufe ta sama ya tara mugunya ta ciki. An wanke, an ba ta magani. Likitar, wata dattijuwa mai yawan zolaya, ta tambaye ni yadda na haɗa su. Da na faɗa mata, ta ce in ita ce aka juye mata baƙuwa a tsakar falo ba sallama, cizon da za ta yi ya fi haka.

Ta yi mini bayani, na kuma je na karanta na tabbatar. Mage ba da ido take sanin nata ba, da hanci ne. Goga kumatun da take yi a ƙafar kujera, shaida take sawa cewa nan nata ne. Gwaggo ta zo inda komai ke warin wata, babu abu ko ɗaya da ta sani. Toka kuma tana jin baƙon wari a gidanta. Kowacce tsoro take ji, ba mugunta ba ce.

Na bi duk abin da ta ce. Gwaggo a uwar ɗaki, Toka a falo, ƙofa a rufe. Kowacce da kwanonta, da ruwanta, da yashinta. Ina goga tsumma a kumatun wannan in ajiye kusa da abincin waccan, don su haɗa warin juna da abu mai daɗi. Toka ta fara saukowa. Amma Gwaggo ba ta cin abin kirki, kuma likita ta ce mage in ta daɗe ba ci hantarta ke lalacewa. Ta tambaye ni ko akwai wani abu na tsohon gidan da ba a wanke ba, shimfiɗa ko zane. Na ce babu. An wanke komai an rabar.

Mai gidan da nake haya ma ta hawo. Ta ce ba ta ƙi ni ba, amma zarnin ya kai matakala, kuma maƙwabta sun yi ƙorafin kuka. In abin bai daidaita ba zuwa ƙarshen wata, ɗaya ta tafi. Wa zai karɓi tsohuwar mage mai miki, Yaya? Toka kuwa ni kaɗai ta sani a duniya.

Ki gaishe da maigidan.

Taki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da ɗiyata da babanta. Ki karanta wannan a zaune, ki kai ƙarshe kafin ki yi fushi.

Da na ce wa likita babu, kin san akwai. Na yi ta gaya wa kaina ba nawa ba ne balle in bayar.

Ranar hutuna da rana na zauna a ƙasa kusa da gado, ina miƙa wa Gwaggo kifi a yatsa. Ta kau da kai. Ƙashin bayanta duk ya fito. Na tuna yadda Mama ke cewa ita da wannan mage tare za su tsufa, sai kawai na ji ba zan iya ba. Na jawo akwatin. Wallahi ba don magen na buɗe ba, don kaina ne. Na ce kaɗan zan zuge, in shaƙa sau ɗaya, in rufe.

Mama tana ciki, Yaya. Man zafin da take shafawa a gwiwa, sabulunta, da ɗan hayaƙin kicin. Na kifa fuskata ina kuka, ban san lokacin da mayafin ya zamo daga ledar ba. Sai ji na yi ana ja. Gwaggo ce ta fito da ƙafarta mai ciwo, ta hau kansa, tana tattaka shi da hannuwa tana wani ƙaramin kuka da ban taɓa ji ba. Ta zagaya, ta kwanta. Na kai hannu zan janye, na kasa. Da yamma ta cinye kifin, a kan mayafin.

Daga nan na san abin da ya rage, kuma na yi shi ido buɗe, ba zan ce kuskure ba ne. Na riƙa kai mayafin falo Toka ta kwana a kai, in dawo da shi wurin Gwaggo, har warinsu ya gauraya da na Mama ya zama ɗaya. Sannan na fara buɗe ƙofa kaɗan lokacin cin abinci. An yi huci, ba a yi cizo ba.

Ni da kuke wa dariya wai har gishiri aunawa nake, ban tuna da almakashi ba sai da aikin gama ya gama. Da na yanke miki rabi tun ranar farko. Wannan tunanin ne yake hana ni sukuni.

Yanzu ƙofa a buɗe take. Ba ƙawaye ba ne, kuma likita ta ce wataƙila ba za su taɓa zama ba, in dai kowacce tana ci tana wucewa ba a tare ta, an gama. Mai gida ta leƙo, ta shinshina, ta ce shi ke nan. Ina wannan rubutu suna kan mayafin, wannan a wancan bakin, waccan a wannan, sun juya wa juna baya.

Na yanko miki gefensa, yana cikin ambulan ɗin nan. Ba zan yaudare ki ba: na shinshina har hancina ya gaji, warin mage kawai nake ji. Abin da kika ba ni ajiya na kashe shi a kan mage, ke kuma ko sallama ba ku yi ba. Ki yafe mini in kin iya. In ba ki iya yanzu ba, zan jira.

Abu ɗaya nake da shi da zan ba ki. Shekaranjiya na dawo aiki ƙafata na ciwo saboda tsayuwa, na shafa irin man zafin nan. Ina zaune sai Gwaggo ta taso, ta hau, ta kwanta daidai kan gwiwata ta hagu, wadda ke damun Mama, ta ɗora haɓarta kamar yadda ta saba.

Idan kin samu ƙarfin tafiya ki zo da ɗiyata. Man yana kan taga. Ki shafa a gwiwar hagu, ki zauna shiru, kada ki kira ta. Za ta zo.

Ƙanwarki mai jiran amsa,
Auta