Hannuna Ya Riga Shekaruna Kama Kunne

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ke shirya mana gasar gudun yada-ƙanin-wani tsakanin Jega, Aliero da Maiyama.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka, ranka ya daɗe, ni ne Malam Garba Fagada, tsohon malamin firamare, wanda ke zuwa a ƙurar baya a gasarku shekara uku ke nan. Sau biyu na zo ofishinku ban same ka ba, wasiƙar da na bari kuma ba a amsa ba. Shi ya sa na rubuto wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa, inda kowa zai gani.

Ranar Litinin da ta wuce na je karɓar lambar ƙirji don gudun bana, mai tsawon nan daga Jega zuwa Aliero. Sakatarenku ya duƙa ya gaishe ni, don ni na koya masa tarawa da ɗebewa a aji uku. Ya karɓi katina na ɗan ƙasa, ya ɗebe shekarar haihuwa daga ta bana, ya sami saba'in da biyu. Ya ce sabuwar dokarku ta hana duk wanda ya cika saba'in. Lissafinsa daidai ne, ban koya masa kuskure ba. Katin ne ke ƙarya, kuma ga yadda aka yi.

Na farko, batun shekaru. A zamaninmu ba a rubuta haihuwa a ƙauye. Ranar da aka zo Fagada ɗibar yara zuwa makaranta, an jera mu ƙofar gidan hakimi, aka ce kowa ya ɗora hannun dama bisa kai ya kama kunnen hagu. Wanda hannunsa ya kai, shekararsa bakwai, a rubuta shi. Wanda bai kai ba, ya koma wurin uwa tasa. Ni kuwa Allah ya yi ni da dogon hannu, ba irin na ɗauke-ɗauke ba, na ƙashi da tsoka, gadon gidanmu. Na kama kunne har da saura. Mahaifiyata ta biyo mu tana kuka, tana cewa damina biyu kacal ke nan da yaye ni. Wa zai saurari mace a gaban hedimasta? Aka rubuta bakwai, alhali ina da huɗu. Shekara ukun nan da aka ɗora mini na ɗauke su daga wannan rajista zuwa kwalejin horon malamai, zuwa takardar ɗaukar aiki, zuwa katin da sakatarenku ya riƙe. Su suka sa aka sallame ni daga aiki da sauran ƙarfina, na haƙura. A lissafin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, shekarata sittin da tara.

Na biyu, kada a ce ban nemi gyara ba. An ce in je kotu a yi takardar rantsuwa. Na je. Magatakarda ya ce in kawo wani babba a dangi, wanda ya san haihuwata, ya rantse. Ranka ya daɗe, ni ne babban, ni ne kuma ƙaramin. Yayyena duk sun riga mu gidan gaskiya. Cikin waɗanda aka jera mu tare a ranar nan, mutum ɗaya ya rage, Buhari, yana zaune wurin ɗiyarsa a Danwarai. Na hau mota na je. Na tarar tsufa ya ruɗe shi. Ya riƙe hannuna ya daɗe yana dubana, sannan ya kira ni da sunan mahaifina, yana tambayata ko an gama girbin gero. Na tafi neman wanda zai rage mini uku, na samo wanda ya ƙara mini talatin.

Na uku, ya kamata ka san yadda tsoho ya shiga harkar gudu, don na san ana cewa taɓuwa ce. Matata Kulu ta rasu shekara biyar da suka wuce. 'Ya'ya biyu suka rage mana, ɗaya yana Legas, ɗaya tana aure a Neja, muryarsu kawai nake ji a waya. Bayan an share makoki sai gidan ya yi mini faɗi. Na kan yini ban buɗe baki ba sai a salla. Jinina ya hau, ƙafafu suka kumbura. Ma'aikaciyar asibiti ta ce in ban riƙa tafiya ba, kujera za ta cinye ni. Na fara da zuwa bakin titi in dawo, ina dafa bango. Bayan wata uku na kai tasha. Wata safiya bayan asuba, ba tare da na yi niyya ba, na ji ƙafafuna sun ɗan ɗaga, sai ga ni ina sassarfa.

Mutanen Jega ba su bar ni na yi abina shiru ba. Mahauta suna hango ni sai su ɗaga wuƙa suna ihu: “Malam, wa yak koro ka?” 'Yan kabu-kabu su rage gudu su ce, “Baba, hau in kai ka, kyauta ne, kada ka hwaɗi muna ga hanya.” Sarkin fawa ya taɓa tare ni ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa, in faɗa masa gaskiya, bazawara nake nema ko aljanu ne. Ban ji haushi ba. Shekara guda kafin nan babu mai yi mini magana ko ta zolaya ce.

Gasarku ta farko da na shiga, ta kilomita biyar ce cikin gari. Na iso an riga an kwance igiya, ana naɗe tabarmi. Amma mai lasifika ya hango ni, ya duba takarda, ya ce, “Ga Malam Garba Fagada nan ya iso!” Tun ranar da na bar aji ban ji an kira sunana cikakke a gaban jama'a ba. Shekara ta biyu na sake yin biyar ɗin, na bar mutum biyu a baya, kuma ko ɗayansu bai kai arba'in ba. Bara na yi kilomita goma a hanyar Maiyama, cikin awa ɗaya da minti arba'in da ɗaya. Na tsaya sau uku, ban zauna ba ko sau ɗaya. Lambobin ƙirjin nan uku suna liƙe a bangon ɗakina, inda Kulu ke jera kwanoninta a da.

Tun daga ranar na sa Aliero a raina. Duk daminar bana ina shiri. Litinin da Alhamis ina bin hanyar Jandutsi, ina ƙara nisa kaɗan-kaɗan, da ƙullin dabino a aljihu. Takalmin gwanjo biyu na kashe. Ba na neman kofi ko kyauta. Burina in tashi daga Jega da ƙafata, in shiga Aliero lokacin da ake cirar albasa, warinta ya tare ni tun daga bakin gari, in ji an kira sunan nan sau ɗaya. Bayan wannan ba ni da wani buri a gudu, kuma in faɗa maka gaskiya, ba ni da shi a wani abu.

Na huɗu, dokar kanta. An ce kun kafa ta ne saboda wanda ya faɗi bara. Ina wurin. Ni na wuce shi yana kwance ana yi masa fifita. Saurayi ne, direban mota, ya kwana a hanya ya shigo gasa bai karya ba. Saurayi ya faɗi, aka hana tsofaffi. Mu nawa ne ma tsofaffin? Ni kaɗai ne. Da kun rubuta sunana a dokar, da ya fi sauƙi.

Ba zan ɓoye maka halina ba. Gwiwata ta hagu tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, idona ɗaya ya yi yana, nauyina bai fi na buhun gero rabi ba. Mai yiwuwa in kun bar ni ma ba zan kai ba. Amma abin da ya sa ba zan iya jira ba shi ne, baɗi zan cika saba'in na gaskiya, a lissafin mahaifiyata ma. Lokacin dokarku za ta kama ni da hujja, ba zan ce uffan ba. Bana ce kaɗai ta rage mini, ita ce kuma kati ya cinye.

Ga roƙona. Ku sa likita ya auna ƙirjina da ƙafafuna, ya yi hukunci da abin da ya gani a jiki. In ya ce a'a, na haƙura. In kuna tsoron abin da zai biyo baya, zan sa hannu gaban liman da mai unguwa cewa duk abin da ya same ni ba laifin kowa ba ne. Likkafanina yana cikin akwati tun rasuwar Kulu, ba zan ɗora wa kwamiti ɗawainiya ba. In wannan ma ya gagara, ku bar ni in bi bayan motarku ta ƙarshe ba lamba, ku dai ce wa mai lasifika kada ya kashe na'urarsa sai na iso.

Ban sa rai sosai ba. Saura kwana goma sha ɗaya, kuma na yi aikin gwamnati, na san yadda takarda ke kwana a tebur. Na rubuta ne don kada a ce ban faɗa ba.

Yau da safe, bayan na dawo daga hanyar Jandutsi, na tsaya tsakar gida na ɗora hannun dama bisa kai, in ga abin da ya jawo mini wannan duka. Kafaɗa ta ƙi. Yatsuna sun tsaya a tsakiyar kai, ko kusa da kunnen ba su je ba. Da a ce da ma'aunin da aka ba ni shekaruna za ku auna ni yau, ranka ya daɗe, da ko makaranta ban isa shiga ba.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya raya maka zuriya, ya sa ka tsufa cikin mutanen da suka san ranar haihuwarka.

Wassalam.

Naka,
Malam Garba Fagada,
Jega.