Ni da Babur da Mai Katifa

Litinin, 2 ga Yuni

Na sayi babur. Ja, sabo fil, ko ledar kujerar ban yarda an cire ba. Uwar yara ta zagaya shi sau biyu a tsakar gida, sannan ta ce, "To, ni a ina zan yi shanya?" Ko barka. Daga baya na leƙo ta taga na kama ta tana gyara ɗankwali a madubinsa.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai: Mai Katifa. Shekara goma sha shida muna tafiya shago tare a ƙasa. In fito, in tarar da shi a ƙofar gidansa da jakar basillarsa, mu kama hanya muna musu har layin shaguna. Minti arba'in, kullum. Shagon ɗinkina ne na farko, nasa na uku. Yanzu ya za a yi? Ba zai iya hawa bayana ba, gwiwarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa tun da ya faɗo daga tsani. Da na kai masa babur ɗin ya gani, ko taɓawa bai yi ba. Ya ce, "Tela, kafin watan nan ya ƙare za ka yi da-na-sani." Na ce Allah ya kai mu.

Hassada ce kawai. Zai huce.

Talata, 3 ga Yuni

Minti bakwai. Na iso mai gadi bai gama naɗe tabarmarsa ba. Na buɗe, na share, na sa wa keke mai, na zauna. Ba kowa a layin. Na sake sharewa.

Alhamis, 5 ga Yuni

Tun da mutumin nan ya yi min baki, na ɗauki aniyar tambayar duk mai babur da na sani ko ya taɓa nadama. Hujja nake tarawa.

Mai Walda ya ce ko kaɗan. Yana faɗa yana ɗage wando, ya nuna min tabon ƙunar salansar babur a ƙwaurinsa, faɗin tafin hannu. Ya nuna wani a gwiwar hannu. Na ce wannan fa? Wai akuya ce ta shigo masa. "Amma ko kaɗan," in ji shi.

Mai Kemis ya ce babur bai taɓa ɓata masa rai ba, surukansa ne. Tun da ya saya, kowa a danginsu ya gano yana da saƙon gaggawa a ƙarshen gari.

Biyu ke nan a wajena, Mai Katifa bai da ko ɗaya.

Asabar, 7 ga Yuni

Wata ribar da ban yi tsammani ba: hannun rigata ya huta. Mai Katifa yana da wata ɗabi'a da ke ci min rai. Da mun iso bakin babban titi, sai musu ya taso masa, ya cafke hannun rigata ta dama, "Tsaya ka ji, tsaya ka ji," ba zai saki ba sai mun haye. Shekara kusan uku da ya tsiro da wannan. Ni tela ne, rigata ita ce tallata, amma kullum in isa shago hannu ɗaya a goge, ɗaya kamar an tauna. Yau na dubi hannuwan biyu, sumul. Na ji daɗi. Ina jin na ji daɗi.

Litinin, 9 ga Yuni

Wannan ba zan gaya wa kowa ba. Na sa rigata mai faɗi, wadda na yi wa aiki a wuya, don a gan ni a kan babur. An kuwa gan ni. Gefenta ya shiga taya a gaban gidan mai, sai ji na yi ana ja na baya kamar wani ya riƙe ni. Ban faɗi ba, alhamdu lillahi, amma rabin rigar yana can cikin sarƙa. Na dawo da ita shago a leda, na rufe ƙofa na yanke ta, ta koma 'yar shara. Uwar yara ta tambaya, na ce sabon yayi ne.

Laraba, 11 ga Yuni

Mai Katifa sai tara da rabi ya iso. Jiya ma haka. Wata mata ta zo karɓar filo, ta gaji da jira ta tafi tana mita. Na leƙa na ce, "Ranka ya daɗe, ko a aiko maka da mota?" Bai ɗago ba, yana ta cusa auduga. Wai yana da aiki a gida.

Wane aiki? Mutumin da bai san inda tsintsiya take a gidansa ba. Fushi yake yi da ni, shi ke nan. Ni kuwa ba zan roƙi mutum gafara don na sayi abin hawa ba.

Juma'a, 13 ga Yuni

Ruwa ya kama ni a hanya. Ashe a kan babur ruwan sama duka yake yi.

Lahadi, 15 ga Yuni

Na kai uwar yara gidan yayarta. A da, mota biyu muke shiga, mu wuni a hanya. Yau sai ga mu kafin a sauke tukunya. Da farko ta ƙi riƙe ni, wai mutane na kallo, ta riƙe ƙarfen baya tana ta salati. Da muka faɗa rami ɗaya ba shiri ta rungume ni, kuma ba ta sake ba har muka isa. Na lura ramukan hanyar dawowa ban kauce musu sosai ba.

A ƙofar gida ta ce, "Baban yara, ashe abin nan yana da daɗi." Shekara ashirin da ɗaya da aure, yau na ji ta tana waƙa a bayan kunnena. Wa ya ce da-na-sani?

Talata, 17 ga Yuni

Na kai babur juyen mai. Na tambayi Bakanike tambayata. Ya yi dariya, ya ce duk wanda ya zo masa yana rantsuwa zai sayar, bayan sati zai dawo sayen sabon madubi. Sai ya ce, "Kai me ya dame ka da kake ta tambaya? Wanda ya ji daɗin abinsa ba ya yawo yana neman shaida."

Surutun bakanike. Na ce ya ɗaure min birki ya bar ni.

Amma gaskiya safiya ta yi min tsawo. Ina isa, ba wanda zan ce wa ƙarya yake yi. Jiya na ji wani labari a rediyo, na shirya yadda zan kayar da Mai Katifa a kansa, na juya, sai madubi.

Alhamis, 19 ga Yuni

Na manta babban almakashina a gida, na koma ɗaukowa wajen ƙarfe tara saura. A hanyar dawowa na hango Mai Katifa a bakin babban titi. Na ja gefe bayan wata rumfa, da niyyar in yi masa hon ya firgita.

Yana tsaye. Titi ya yi sarari, bai haye ba. Ya juya kansa gaba ɗaya hagu, ya juya gaba ɗaya dama, kamar wuyansa ne ke gani ba idonsa ba. Ya sa ƙafa ɗaya, wata mota ta taho ta gefe, ya ja da baya har jakarsa ta faɗi. Titi ya sake yin sarari. Bai motsa ba. Sai da wata mata mai ɗauke da kwando ta zo, ya matsa dab da bayanta, ya bi ta taku-taku har suka haye.

Ban yi hon ɗin ba. Na daɗe a bayan rumfar nan.

Asabar, 21 ga Yuni

Na kai wa matarsa ɗinkinta da kaina, lokacin da na san yana shago. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Yaya, idon mutumina lafiya kuwa?"

Ta ajiye ledar. Ta ce, "Au, ba ka sani ba? Ni na zaci ka sani tuntuni." Shekara uku ke nan likita ya gaya musu. Abin da ke gabansa yana gani tar, shi ya sa zare ba ya gagarar sa, amma gefe da gefe ya rufe, kamar mai leƙe ta bututu. Yana ɗiga magani safe da yamma don kada ya ƙaru. Ya sa ta yi alƙawari ba za ta faɗa wa kowa ba, wai in mutane suka ji ba mai sake kawo masa aiki. Ta ce, "Duk safiya in na ce in raka shi, sai ya ce ai Tela na nan. Yanzu ma ya hana ni. Don Allah kada ka nuna masa."

Shekara uku ina yi masa tsiya a kan guga. Ashe ba musu yake riƙe ni ya ƙarasa ba.

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na hau babur na kasa buga shi, sai da na zauna tukuna.

Litinin, 23 ga Yuni

Na fito da babur a kashe, ina turawa. Ya gan ni daga ƙofar gidansa, fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. "Ya mutu ko?" Na ce Bakanike ya ce sabon inji yana son hutu. Wai, "Inji mai hutu. To kai ne babur ɗin yanzu, shi ne mai hawanka."

Minti arba'in ina tura ƙarfe, gumi har cikin takalmi, shi kuwa yana ta yi min wa'azi a kan amfanin ƙafa. Wallahi ban ji daɗin safiya irin ta yau ba tun farkon wata.

Sai dai a bakin titi ya cusa hannuwansa biyu a aljihu. Na miƙa gwiwar hannuna kusa da shi kamar ban sani ba, ya ƙi. Ina jin ya fara zargin wani abu. Mun haye da ƙyar, ga babur a hannu, ga shi yana tafe a karkace. Haka ba za ta yiwu ba.

Laraba, 25 ga Yuni

Na yanke shawara: babur zai riƙa kwana a shago. Mai gadi ya yarda. Da rana in kai ɗinki, in sayo zare, Lahadi in ɗauko shi mu fita da uwar yara. Dalili kuwa shanya. Tsakar gidanmu ƙarama ce, kowa ya sani.

Uwar yara ta dube ni ta ce, "Yau kuma shanyata ce ta dame ka?" Na ce e. Ta ce to, Allah ya saka. Naman da ta zuba min kuwa ya fi na kullum.

Litinin, 30 ga Yuni

Wata ya ƙare. Bai tayar da maganar da-na-sanin nan ba, ni ma ban tayar ba.

Talata, 8 ga Yuli

Na koyi wani hali sabo, zagin direbobi. Da mun iso bakin titi sai in fara: "Dubi wannan farar motar daga hagu, gudun me yake yi? Ga wani mai lodi daga dama, kamar titin ubansa ne. Bari ya wuce. Yauwa, sun ƙare, marasa tarbiyya." Sai in taka, shi ma ya taka, kafaɗa da kafaɗa, kansa a miƙe.

Yau da muka haye, muna kaiwa wajen gidan mai, sai ya juyo ya dube ni. Na ɗauka zai ce ya gane dabarata. Na shirya in yi kamar ban ji ba. Sai ya gyara murya ya ce, "Tela, tun da ka sayi babur ɗin nan bakinka ya lalace."

Na ce masa haka masu babur suke.

Ya ce to kada in fasa.