Faci a Ƙasan Motar Wendell

Gidan yari, Oktoba

Darlene matata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ciwon bayan nan naki. Ni dai ga ni, abincin nan har yanzu kamar jiƙaƙƙen kwali.

Sanyi ya kusa, motata kuma tana gareji tsatsa na cin ta. Kin san wahalar da na sha kafin in sami irinta, ƙirar 1969, mai injin da ke girgiza tagogin maƙwabta. Don Allah kar ki jira fitowata. Ki cire kujeru, ki ɗaga kafet, ki bi ƙasan da sukudireba. Duk inda ya huje, ki yanke har sai kin ga farin ƙarfe. Injin walda yana bayan firiza.

Ki huta lafiya.
Mijinki, Wendell

Toledo, Disamba

Wendell,

Ina amsawa. Bayan yana nan yadda ka bar shi.

Na ɗaga kafet sai na ga siminti. Daɓen gareji nake nufi, ta cikin motarka. Gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara ya cinye gefen direba, wanda ya sayar maka kuma ya cusa tsohuwar jarida ya shafe da fenti. Ina yankewa, tsatsa na ƙara gaba.

In wuni ina ɗaga mutane a gidan kula da tsofaffi, in dawo in kwanta ƙarƙashin mota. Facin farko na ƙona shi, ya lanƙwashe. Ƙaninka Curtis ya leƙo da gwangwanin giya a hannu, ya ce, "Darlene, walda ce wannan ko kaji ne suka yi kashi?" Na ce masa, "Karɓi ka gwada, gwani." Nan take ya tuna yana da uzuri.

Na gaji, Wendell.

Sai na ji daga gare ka.
Darlene

Gidan yari, Janairu

Darlene tawa,

Barka da sabuwar shekara. Rabu da Curtis, ko ƙusa bai iya bugawa ba.

Zafi ne ya yi wa ƙarfen yawa. Kar ki ja layi ɗaya. Ki ɗiga nan, ki tsallaka can, ki bari ya huce, sannan ki dawo. Ki fara zana facin a kwali. Kin duba but ɗin kaya na baya? Ƙarƙashin gilashin baya fa? Can ruwa ke kwanciya.

A nan in na rufe ido tuƙa ta nake yi. Ita ce ke riƙe da ni.

Ki kula da kanki.
Wendell

Toledo, Afrilu

Wendell,

Da fatan kana lafiya. Na yi shiru ne don ina aiki.

Na gama ƙasan, but ma haka. Na goge, na shafa fentin hana tsatsa. Na hau da ƙafa biyu na yi tsalle, bai motsa ba. Ga hoto.

Na karanta wasiƙarka ina neman kaina a ciki. Ka ce motar ce ke riƙe da kai. Na zauna a kan taya na daɗe ina tunanin me ke riƙe da ni, ban samu ba.

Amma hannuna ya faɗa. Wata mata da nake sayen wayar walda a wajenta ta ga aikina, ta ce, "Ke, ɓata kanki kike yi." Ta haɗa ni da wani wurin gyaran jiragen ruwa can nesa a garin Duluth. Na je gwaji, sun ɗauke ni. Ƙarshen wata zan tafi.

Na rufe motar da tamfol, makulli yana wajen Curtis. Ba faɗa nake yi ba. Ba ni da ƙarfinsa.

Allah ya fito da kai lafiya.
Darlene

Gidan yari, Mayu

Darlene,

Sannu da aiki. Na ga hoton, na nuna wa kowa a nan. Waldar ta fi tawa kyau.

Wannan wasiƙar ta hannun Curtis zan aiko, ko zai san inda kike. Ba ki rubuta sabon adireshi ba. Mantuwa ce?

Mijinki,
Wendell